Aljihun Baba

Mahaifina ya yi sama da shekara hamsin yana sayar da atamfa da shadda, mafi yawan shekarun a Kantin Kwari, kuma a zamanin ƙarfinsa ba ya neman biro da takarda. In aka sauke dila, kafin yara su gama yanke igiya ya riga ya faɗi nawa turmi ɗaya ya tsaya masa, har da kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar dillali. Ni da na ɗan taɓa boko nakan koma gefe in danna kwakuleta ko zan kama shi da kuskure, ban taɓa dacewa ba. Tun ana kashe fam da sule ya fara zaman shago, a gabansa aka kawo naira a 1973, shi ya sa har gobe naira ɗari biyu a bakinsa jaka ce.

Akwai karatun da ya yi ta biya mana tun muna yara: kuɗi takarda ne, kaya ne dukiya. Wuya ce ta koya masa. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki. Baba yana da kuɗi masu kauri a hannun wani abokin cinikinsa a Maraɗi. Kafin a san yadda za a ƙetaro da su wa'adi ya cika, kusan rabin jarinsa ya bi ruwa. Tun daga nan kuɗi ba sa kwana uku a hannunsa. In kasuwa ta yi kyau, ko ya ƙaro kaya, ko ya sayi fili a bayan gari, ko ya aika ƙauye a saya masa shanu. Hannunsa kuma a sake yake. Ranar Juma'a ƙofar gidanmu sai ka rantse zakka ake rabawa.

A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, aka yi ta rasa dattawa a Kano. Duk wanda yake garin bai manta kwanakin nan ba. Hajiya, mahaifiyarmu, ta rasu ana saura kwana biyu a ɗauki azumi. Cikin wata guda majalisar Baba ta ƙofar gida, mai mutum bakwai, ta koma mutum uku, su ma kowa 'ya'yansa sun tsare shi a ɗaki. Ba kasuwa, ba Juma'a, ko zaman makoki ba a yi yadda aka saba ba. Da aka buɗe gari sai ni da Yaya muka ce ya zauna ya huta, mu riƙe shagon. A ganinmu gata muka yi masa.

Matata ce ta fara lura, don a gida ɗaya muke da shi. Ta ce min fitilar ɗakin Baba ba ta mutuwa sai wajen asuba. Na ce ai nafila yake yi. Ta ce ita dai ƙarar takarda take ji. Wata rana na leƙa, na same shi zaune a kan darduma ya baje kuɗi a gabansa, yana ƙirgawa, in ya kai tsakiya ya tsaya, ya tattara, ya sake daga farko. Da ya gan ni ya ja bakin rigarsa ya rufe su, kamar yaron da aka kama da nama a hannu.

Kuɗin cefane kuwa, wanda tun kafin a haife ni shi yake bayarwa da hannunsa kowace safiya, ya zama abin rigima. Sai ya miƙo abin da yake bayarwa shekara goma baya, ya ce ya isa har da canji. In aka ce tumatir ya yi tsada ya ce ana cin amanarsa. Amma da la'asar wani zai yi sallama, ya durƙusa, ya ce shi ɗan marigayi wane ne na Bichi, matarsa tana kan gwiwa a asibiti, Baba ya shiga ɗaki ya fito masa da dubu hamsin. Muka rasa yadda za mu haɗa rowa da ɓarna a jikin mutum ɗaya. Yaya ya ce tsufa ne kawai, ya kawo hadisin nan da ya ce ɗan Adam yana tsufa abu biyu suna ƙara ƙuruciya a zuciyarsa, son dukiya da son tsawon rai. Na karɓa da sauri, don ya hutar da ni tunani.

Akwai wani almajiri da yake mana aike, yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyu ba, mai yawan murmushi, Hajiya ce ta ɗauke shi tun tana raye. Wata safiya Baba ya ce dubu talatin ɗin da na kawo masa jiya a ambulan sun ɓace, kuma ba wanda ya shiga ɗakinsa sai yaron nan da ya kai ruwan alwala. Yaron ya yi ta rantsuwa yana kuka. Ban dake shi ba, amma abin da na faɗa masa a gaban mutane ya fi duka, na kuma ce kada in ƙara ganin ƙafarsa a gidan. Mahaifina bai taɓa yi min ƙarya ba, to wa zan gaskata?

Daga nan abubuwa suka yi ta biyo juna. Wani ya kira shi a waya ya ce daga banki ne, za a rufe asusunsa in bai karanto lambobin katinsa ba. Mutumin da dillalan Kwari suke shakkar yi wa wayo ya ɗauko tabarau ya karanto musu tsaf. Kafin magariba an kwashe abin da ke ciki. Abin da ya tashe mu daga barci dai wani dillali ne mai tsoron Allah, da ya same ni a shago ya ajiye min kuɗi a kan teburi. Ya ce, “Alhaji ya biya ni bashin nan tun bara. Ya sake biya na da ƙaramar salla, na yi ta faɗa masa bai saurare ni ba. Jiya kuma ya aiko da na uku.”

Da ƙyar ya yarda muka je asibiti, sai da na ce awon hawan jini za a yi. Likitan, wani matashi mai haƙuri, ya faɗa masa sunayen abubuwa uku ya ce ya riƙe, ya tambaye shi ranar mako da wata, sannan ya ce ya cire bakwai daga ɗari, ya ci gaba da cirewa. Baba ya yi dariya ya ce, “Yaro, ni za ka yi wa lissafin 'yan firamare? Casa'in da uku.” Likita ya ce to a sake cire bakwai. Baba ya yi shiru. Na ga leɓensa yana motsi, na ga yatsunsa suna taɓa juna a kan gwiwarsa. Ya juyo ya dube ni. Wannan kallon har yau in na rufe ido ina ganinsa. Abubuwa ukun kuma ɗaya ya iya tunowa.

Likita ya yi min bayani a waje. Ya ce ciwon mantuwa ne ya fara kama shi, kuma ga alama hawan jinin da ya daɗe ba ya shan magani a kai a kai ne ya yi ta lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Ya ce rikicewar lissafin kuɗi tana cikin alamun da ke fara fitowa, sau da yawa tun kafin mutum ya fara manta sunaye ko hanyar gida. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Sukarinsa ya hau, kunnensa ɗaya ya yi nauyi sosai, ga kuma damuwa mai tsanani tun rasuwar Hajiya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Mantuwar ba ta warkewa, in ji shi, amma sauran duk ana iya taɓa su. Ya ja kunnena a kan kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a raba shi da abin da ya saba yi.

Kashi na farko na maganar na riƙe, na biyun ya bi iska. Muka yi taron gida, mu shida, har da ƙannena mata. Wani malami da muka tuntuɓa ya ce shari'a ta yarda a riƙe wa wanda ba ya iya juya dukiyarsa, ya karanto mana aya ta biyar ta Suratun Nisa'i, wadda ta ce a ciyar da su daga cikinta, a tufatar da su, a kuma faɗa musu magana mai daɗi. Mu dai izinin riƙewar muka ji. Muka karɓe katin banki da takardun filaye da makullin akwatin ƙarfensa, muka ce daga yau ko allura yake so ya faɗa a sayo masa. Cefane ya dawo hannuna.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daina fitowa zaure, tuwo sai ya yi loma uku ya ture. In maroƙi ko mai neman taimako ya yi sallama sai ya juya fuska bango ya ce a ce ba ya nan. Jikokinsa da suka saba yi masa dandazo bayan sallar asuba suka ga ba ya kula su, suka janye. Cikin wata biyu rigunansa suka yi masa yawa. Mu kuwa muna cewa ciwon ne yake ci gaba, har muna yi wa kanmu barka da muka yi saurin ɗaukar mataki.

Sai Gwaggo ta zo. Yayarsa ce, ta ba shi shekara huɗu, tana zaune a cikin birni a gidan da ya cika da jikoki da tattaɓa-kunne. Uwar adashe ce tun ina goye, ba ta rubuta ko alif, amma har yau ta san wadda ta yi zubi da wadda ta yi nuƙu-nuƙu da wadda kwasarta ke tafe. Ita da kuɗi zaman lafiya suke. Ta sayi likkafaninta ta ajiye a ƙasan adaka, ta raba 'yan kunnayenta na gwal ga waɗanda take so tun tana gani da idonta, akuyoyinta biyu ta ce na sadakar ranar da ta mutu ne. Kuma kada a ɗauka waliyyiya ce. Akwai jikanta da ya ci mata dubu biyu tun wata babbar salla, har yau in ya zo rance sai ta tuna masa, ta kuma hana. In ta bayar ta san abin da ta bayar, in ta hana ta san dalili, da daddare ta yi barcinta.

Ta shiga wurin ƙaninta ta daɗe. Da ta fito ta kira ni zaure, ba ta ko amsa gaisuwata ba.

“Kai ɗan nan, wa ya ba ku wannan shawarar?”

Na fara kawo mata zancen likita da na 'yan damfara. Ta ɗaga min hannu.

“Ubanku ba rowa yake ba, tsoro yake ji. Wanda ba ya iya riƙe nawa ne a aljihunsa kullum gani yake ya talauce, shi ya sa yake ƙirgawa. Masu zuwa da labari kuma, kana tsammani bai san akwai maƙaryata ba? Fuskar ce ba ya ganewa, yana jin kunyar a ce Alhaji ya manta ɗan amininsa, sai ya rufe kunyar da kuɗi. Ku kuma da kuka tashi gyara sai kuka tuɓe masa riga a tsakar gida. Namijin da ba a zuwa wurinsa karɓar kuɗin cefane ai baƙo ne a gidansa.”

Na ce, “To Gwaggo, mu mayar masa a ci gaba da kwashewa?”

Ta ce, “Na ce ku mayar masa da rumbu? Ku bar masa aljihu.”

Haka muka yi. Kati da takardu suka zauna a wurin Yaya. Ni kuma kowane dare in Baba ya yi barci sai in sa kuɗin cefanen gobe a aljihun rigar da zai saka, da 'yan canji na sadaka a ɗaya aljihun. Da safe matata ta je ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, “Baba, za a tafi kasuwa.” Ya ciro, ya ƙirga, ya yi 'yar mitarsa a kan tsadar zamani, ya miƙa mata. Muka canza masa layin waya, muka sa wani ƙanenmu ya riƙa zama da shi a zaure da yamma, in baƙo ya zo shi zai fara cewa, “Baba, ga wane ɗan wane,” ko kuma ya sallami mutum tun daga waje. Aka sa masa na'urar ji a kunne, wadda ya yi wata guda yana cirewa yana ɓoyewa. Talata da Alhamis nakan tafi da shi Kwari, ya zauna a kujerarsa. Ba ya taɓa aljihun teburi, amma in aka shimfiɗa shadda ya murza ta da yatsu biyu zai gaya maka ko ta gaske ce ko jabu, kuma a wannan ban ga ya yi kuskure ba. Mantuwa tana nan inda take. Ƙirgan dare dai ya ragu ƙwarai, ya koma cin abinci, ranar Juma'a kuma ya sa a fitar masa da tabarma ƙofar gida.

Ana haka, a watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1000. Sababbin suka fara fitowa a tsakiyar Disamba, aka ce daga 31 ga Janairun 2023 tsofaffin sun daina aiki. Na san Baba yana da ɓoyayyun kuɗi, ban san nawa ba, ban kuma san ina ba, ina ta jin tsoron tayar da maganar. A tsakiyar Janairu na samo sabuwar dubu ɗaya na kai masa. Ya juya ta, ya karanta ajamin da ke jiki, ya lashi babban yatsa ya goga, ya ce, “Wannan ai rini ne.” Na yi masa bayanin wa'adin a hankali.

Ya yi shiru, sannan ya ce, “An kuma ke nan.”

Abin da ya biyo baya ban taɓa zato ba. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo ya ɗauko labarin 1984 daga tushe: direban da ya aika, inda aka tsare shi a Jibiya, nawa ne kuɗin, wa da wa suka karye a layinsu. Da ya gama ya miƙe ya ce in biyo shi. Ɗakin Hajiya ya nufa, wanda muka rufe tun bayan arba'in, ashe yana da makulli. Ya fara buɗe kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya, langa da kumbo da samira, kowanne da ƙullin kuɗi a ciki. Can na gane inda yake zuwa in gida ya yi tsit da rana. Muka haɗa da na cikin matashin kai da na ƙarƙashin kafet, suka tashi dubu ɗari takwas da 'yan kai.

A cikin wata 'yar ƙaramar langa na ga ambulan ɗin. Rubutun hannuna ne a bayansa, dubu talatin cif, ko buɗe shi ba a yi ba. Washegari na je makarantar allon yaron, aka ce malaminsu ya tashi da ɗalibansa tun damina biyu da suka wuce, wani ya ce Ningi, wani ya ce Haɗeja. Na aika duka biyun. Har yau ban same shi ba, kuɗin suna nan a ambulan ɗinsu da niyyar nasa ne.

A daren da muka tattara kuɗin Baba ya ce, “Kada ka kai banki duka. Ka je Dawanau tun suna karɓa. In takarda ta rikice, mai hatsi ne sarki.” Na yi jinkiri, don maganar wanda likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ce. Na kira Gwaggo, ta ce in ban je ba ita za ta hau a-daidaita ta je. Na kai rabi banki, rabin na sayo gero da masara da wake. Aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutane suna kwana a layin na'urar cirar kuɗi, masu POS suna yankar abin da suka ga dama, tiransfa kuma ta tafi ta maƙale a hanya. Sai 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke cikakken hukuncin cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Duk tsawon makonnin nan tukunyarmu ba ta sauka ba, har maƙwabta suna aiko yara da kwano, Baba yana zaune a bakin sito yana cewa a cika a tula. Tsofaffin takardun da muka yi ta gudun mutuwarsu kuwa ga su nan har yau ana cefane da su.

Amma kwana biyu da dawowata daga Dawanau ya shiga ɗakin Hajiya ya ga kwanuka wayam, ya fito yana salati, ya nuna ni a gaban 'ya'yana ya ce ni ne ɓarawon. Na ji abin da almajirin nan ya ji. Na kama hannunsa na kai shi sito, na ce ya ƙirga buhunan. Ya ƙirga, ya soka hannu a bakin ɗaya ya ɗebo gero ya duba, ya ce an yi sayayya mai kyau, wa ya ba da shawara? Na ce shi. Na sa aka rubuta masa da ajami a jikin kwali, “Kuɗin Alhaji sun zama hatsi,” muka liƙa a ƙofar ɗakin. Daga baya na lura buhu ya fi takarda kwantar masa da hankali, don yana nan inda aka ajiye shi, kuma ƙirgansa ba ya wuce yatsun hannu biyu. Shi ya sa ko da farashi ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, ban taɓa barin sito ya faɗo ƙasa da buhu biyar ba.

Yanzu jikin ya ƙara nisa. Kwari ta gagara, wasu ranakun yakan kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ina yaro, kuma ya daina gane bambancin ɗari biyar da dubu. Matata har yanzu tana zuwa gaisuwar safe, sai dai yanzu 'yar autata mai shekara shida ta ƙwace aikin. Ita ce amaryarsa ta wasan jika. Takan tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, “Maigida, yau ma da yunwa za ka bar ni?” Jiya ina jin su daga tsakar gida. Ya lalubi aljihu ya daɗe, ya ciro mai hoton Sardauna, ya ɗaga ta wajen haske ya duba, ya miƙa mata.

“Ungo jaka guda. Ki sayo nama mai kyau, ban da ƙashi. Kuma ki kawo min canjina.”